Scotty, Servant ko Yesod: wanne sabon ɗan Haskell zai ɗauka?

Wanda ya fara koyon yaren shirya manhaja na Haskell, da zarar ya gaji da lissafin Fibonacci, abin da yake tambaya shi ne da me zai gina shafin intanet. Amsata ba ta da kwana-kwana: ka ɗauki Scotty. Sauran firemwok ɗin, wato kayan gina shafi da aka riga aka haɗa, su ma suna da ranarsu, amma ba ranar farko ba.

Andrew Farmer ne ya fara rubuta Scotty, ya ɗauko salonsa daga Sinatra na yaren Ruby. Abin da yake yi kaɗan ne. Ka faɗa masa adireshi, ka faɗa masa abin da zai mayar idan an ƙwanƙwasa wannan adireshin, shi ke nan. Ga sabar sukutum:

main = scotty 3000 $
  get "/sannu/:suna" $ do
    suna <- pathParam "suna"
    text ("Sannu " <> suna)

Ka sa OverloadedStrings a saman fayil, ka shigo da Web.Scotty, ka kunna, ka buɗe burauza a kan 3000. Babu layin da ba za ka iya bayyana wa ƙaninka ba. Wannan shi ne babban dalilina. Mai koyo yana kokawa da monad tun kafin ya zo nan, bai kamata firemwok ya ɗora masa wata kokawar ba. A Scotty, do ɗin da ka koya a babin IO shi ne dai do ɗin da za ka yi aiki da shi, sai liftIO idan za ka taɓa fayil ko rumbun bayanai. Wurin da kusan kowa ke tuntuɓe guda ɗaya ne: text yana son Text na Data.Text.Lazy, kai kuma wataƙila ɗayan, na Data.Text, ka shigo da shi. Da ka gane wannan, an wuce wurin.

Gaskiya ne bai zo da kayan rumbun bayanai ba, bai zo da na HTML ba. Ni a wurina alheri ne, domin da hannunka za ka ɗauko sqlite-simple, da aeson don JSON, da lucid ko blaze-html don shafuka, ka san aikin kowanne. Kuma tunda a kan WAI aka gina shi, wato mahaɗar da ke tsakanin manhaja da saba a Haskell, kayan wai-extra irin su logStdoutDev suna shiga da layi ɗaya.

Servant ƙwararren kaya ne. Ana bayyana API ɗin gaba ɗaya a matsayin nau'i, kwamfaila ta tsare ka idan ka kauce. Sai dai ranar da ka musanya jerin hanyoyi biyu, saƙon kuskuren da GHC, kwamfailar Haskell, zai zubo maka zai cika allo, sabon shiga kuma ba zai san ta inda zai fara karantawa ba. Ka bar shi sai ka ƙoshi da Scotty.

Yesod na Michael Snoyman ya zo da komai, fom da shiga da kalmar sirri da Persistent na rumbun bayanai da Hamlet na HTML, amma ya dogara da Template Haskell, wato lambar da ke rubuta wata lambar a bayan idonka. Ɗaukarsa don koyo kamar hayar tirela ce don kai buhun gero ɗaya. Firemwok ɗin IHP kuwa sai ka girka manhajar sarrafa fakiti ta Nix ka yarda da rumbun bayanai na PostgreSQL kafin ka ga ko "sannu" a allo. Snap da Happstack sun yi zamaninsu.

Akwai ma'aunin da masu kwatance ba su cika ambata ba, ni kuma shi nake fara dubawa: fakiti nawa firemwok zai jawo a ginin farko. Haskell yana sauko da kowane fakiti ne ya harhaɗa shi a kan kwamfutarka. Mai laftop ɗin da ba ta wuce RAM 4GB ba, yana sayen data da kuɗinsa, wuta kuma ba tabbas, ya san bambancin gajeren jeri da dogo. Scotty ma ba ya zuwa shi kaɗai, amma jerinsa bai kama ƙafar na Yesod ba.

Yanzu ga inda ake cutar mutane, kuma nan ne na fi so ka nutsu. A 2023, daga siga ta 0.20, an yi wa Scotty gyara mai yawa. An ce a daina amfani da param, aka raba aikinsa tsakanin mai karanta adireshi da queryParam da formParam, aka kuma sauya fasalin ActionT, monad ɗin da ake rubuta amsoshin Scotty a ciki. Darussan da aka rubuta kafin nan suna nan birjik, wasu an sake musu kwanan wata kawai don su yi kama da sababbi. Na taɓa biyan kuɗin wani kwas na bidiyo mai ɗauke da shekarar da muke ciki a takensa, ashe tsohuwar lamba ce tsantsa, ko harhaɗuwa ba ta yi. Duk kwas ɗin da bai faɗi sigar GHC da ta Scotty da ya yi aiki da su ba, kada ka ba shi ko sisi. Haka lambar da manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira ke bayarwa: sukan cakuɗa tsoho da sabo, wani lokaci ma su ƙirƙiro sunan da babu shi. Ka duba kowane suna a Hoogle, shafin binciken sunayen Haskell.

Sai masu tallar gudu, masu cewa nasu ya ninka na wane sauri. Scotty da Yesod da Servant duk a kan sabar Warp aka saba kunna su, saboda haka ga ƙaramin shafinka wannan gasar ba ta shafe ka ba.

Hackage ma, ma'ajiyar fakitin Haskell, ba tantancewa ba ce. Fakiti yana iya zama a can shekara da shekaru ba mai kula da shi, da kyakkyawan bayani a gabansa. Irin wannan ya taɓa tsayar min da aiki cak, don iyakar sigar base, fakitin da ke zuwa tare da GHC, da aka sa masa ta ƙi sabon GHC. Ka duba ranar da aka ɗora sigar ƙarshe, ka leƙa ko ana amsa ƙorafi a GitHub, sannan ka ga ko yana cikin LTS na Stackage na yanzu, wato jerin fakitin da aka gwada suna harhaɗuwa tare. Idan darasi ya ce ka warware matsala da --allow-newer tun a shafin farko, rufe shi. Kayan aikin kansu kuma, GHC da cabal mai sauko da fakiti da HLS mai taimaka wa edita, ta GHCup za ka girka su, ka zaɓi sigar da ya ba da shawara.