Shirin John Oliver: shaguɓen da ke cizon kamfani, ya kasa cizon ɗan siyasa

Shirin Last Week Tonight na tashar HBO a Amurka ya fara ne a Afrilun 2014, kuma ranar Lahadi da dare ake nuna shi. Mai gabatar da shirin, ɗan barkwanci John Oliver, yakan buɗe da labaran mako a taƙaice, sannan ya ɗauki batu guda ya yi minti ashirin zuwa talatin yana feɗe shi. Wannan babban sashen ana sa shi kyauta a YouTube.

Inda shirin ya fi kaifi shi ne kan abin da babu jam'iyyar da ta ce nata ne. A Yunin 2014 ya yi bayani kan dokar daidaita intanet, wato ƙa'idar hana kamfanonin intanet fifita wasu shafuka a kan wasu, ya tura masu kallo shafin FCC, hukumar kula da sadarwa ta Amurka, su rubuta ra'ayinsu, jama'a suka yi cincirindo har shafin ya tsaya. A 2016 ya kafa kamfanin sayen bashi, ya sayi bashin asibiti na kusan dala miliyan 15 a kan ƙasa da dala dubu 60, ya yafe wa mutum wajen dubu tara. Dabarar ɗaya ce: hujja, raha, sai aiki ƙarami da mai kallo zai iya gani ko ya yi da hannunsa.

Da ya juya kan ɗan takara kuwa, sai wuƙar ta dakushe. A Fabrairun 2016 ya yi wa Trump tatas, ya laƙaba masa "Drumpf", sunan da ya ce shi ne na asalin kakanninsa, miliyoyi suka kalla, a Nuwamba Trump ya ci zaɓe. Zambo yana zafi ne idan wanda ake yi wa da mutanensa suna cikin taron. Nan kuwa masu dariyar tuni sun yarda da Oliver, magoya bayan Trump ko dai ba sa kallo, ko su ga guntun bidiyon su ɗauka su ake rena wa hankali, su ƙara ƙanƙame gwaninsu.

Akwai ashar da yawa, kada a kunna gaban yara. Turancinsa na Ingila ne kuma da sauri yake zuba, sai a buɗe rubutun ƙasan allo. A fara da sassan da suka shafi bashi, gidan yari da kamfanonin taba, na zaɓe ana iya tsallake su.