Hattara da mai sayar da fawa-saflai na sabar da sunan sabo fil

Jama'a masu kula da sabar (babbar kwamfutar da sauran kwamfutoci ke dogaro da ita) a ofisoshi, makarantu da cibiyoyin jarrabawar CBT, a yi hattara. Akwai wani da ke yawo da talla a Facebook da guruf-guruf na WhatsApp, yana sayar da fawa-saflai (na'urar da ke ba sabar wuta) na sabar HP ProLiant, mai wat 750 da mai 1200, yana rantsuwa cewa sabo ne fil a leda. Farashi bai kai rabin na kasuwa ba, amma sai ka tura kuɗi cif kafin ya sa maka kaya a mota.

Ba sababbi ba ne. Irin waɗannan ne masu haƙar kirifto, wato masu samar da kuɗin intanet da kwamfuta, suka riƙa jonawa da injinansu, dare da rana cikin zafi, shekara da shekaru. Da Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen kirifto, ta daina haƙa da katin hoto na kwamfuta a Satumban 2022, sai kayan suka malalo kasuwa. Shi kuma ya saye su a banza, ya hure ƙura, ya goge jiki, ya liƙa sabuwar sitika a kan tsohuwa. Sayar da na hannu ba laifi ba ne, yawancinmu da shi muke lallaɓawa. Laifin shi ne a ce maka sabo.

Ranar farko za ka ga koriyar wuta, ka ce Alhamdulillah. Sai an ɗauke wuta an koma janareta, ko ɗalibai sun cika ɗaki nauyi ya hau, sabar ta mutu ɗif. Wani lokacin kuma ƙaramar fankar da ke cikin fawa-saflai ɗin ce ta gaji, ya yi zafi ya kashe kansa. Ka kira mai tallar, ya ce ai wutarku ce ba ta da kyau, ko madabod ɗinku, wato babban allon cikin sabar, ne ya ƙone. Kira na biyu ba zai shiga ba.

Kafin ka biya, juya fawa-saflai ɗin ka dubi bakin nan mai ruwan zinare da ke shigewa cikin sabar. In ka ga ƙarce, baƙin ƙuna ko ragowar dalma, an sha aiki da shi. Ka kuma shinshina ta wajen fankar, warin ƙonewa ba ya ɓuya. Amma babbar shaida tana cikin iLO, manhajar sa ido da ke cikin sabar HP: a shafin wuta zai nuna lambar siriyal da yawan wat da ya karanto daga cikin fawa-saflai ɗin kansa. Gwada su da abin da ke kan sitika. In sun saɓa, magana ta ƙare. Masu sabar Dell su duba iDRAC, takwarar iLO.

Sannan a gwada shi shi kaɗai: sabar na kan aiki, a zare ɗaya fawa-saflai ɗin (sabar kan ɗauki biyu), a ga ko zai riƙe nauyin. Duk mai sayarwar da ya ƙi yarda da wannan gwaji, ko ya ƙi rubuta garanti a rasit, a bar masa kayansa.