Zaɓen winci da garkuwar gaban mota kafin a biya kuɗi

Duk direban da ya taɓa kwana a bakin fadama saboda motarsa ta nutse a laka ya san cewa jan ƙafa huɗu yana da iyaka. A baƙar ƙasar firki ta yankin Tafkin Chadi, ko a hanyoyin ƙauyukan da ke tsakanin Haɗeja da Nguru idan ruwa ya malale, tayoyin nan huɗu sai su yi ta juyawa a wuri guda har cikin mota ya zauna a ƙasa. Wannan ne ke sa masu Hilux da Land Cruiser tunanin ɗaura winci, wato injin nan mai ganga da igiya da ake kafawa a gaban mota domin ta janyo kanta. Yawancin masu saye da wincin suke fara ciniki, amma ni a ganina ƙarfen da za a ɗaura shi a kai ne abin fara dubawa, domin duk ƙarfin jan ta cikinsa yake bi kafin ya isa shasin mota.

Garkuwar da ake gani a gaban motoci ba iri ɗaya ba ce, ko da yake daga nesa duk sun yi kama. Akwai ta ado, ta bututu mai ƙyalli da ake maƙalawa a gaban bamba, wadda amfaninta bai wuce riƙe fitilu ba, kuma wannan ba a ma kawo ta cikin lissafi. Akwai wadda kamfani ya ƙera wa samfurin mota guda, irin na ARB da TJM da Ironman 4x4, dukansu na ƙasar Ostireliya, inda karo da kangaru a hanyoyin daji ya sa sana'ar ta bunƙasa. ARB ma a birnin Melbourne ya soma a 1975. A cikin irin waɗannan akwai masu mazaunin winci da marasa shi, don haka sunan kamfani kaɗai bai isa ba, sai mai saye ya leƙa ya ga farantin da ramukansa, ya kuma tabbata cewa ƙafafun garkuwar a jikin shasi suke ɗaure kai tsaye. Ta ƙarfe ta fi ta alminiyam jure duka, kuma idan ta lanƙwashe kowane mai walda zai iya gyara ta, ita kuwa ta alminiyam sauƙin nauyi ne ribarta, amma samun mai gyaranta a ƙauye yana da wuya.

Sai kuma wadda masu waldarmu ke haɗawa, wadda ita ce aljihun mutane da yawa zai iya ɗauka. Ba na raina aikinsu, domin a cikinsu akwai gwanaye na gaske, amma na taɓa ganin abin da ya sa nake jan kunne. Wata Hilux ce ta kafe a wani kwari da damina, mai ita ya ɗaura igiya a gindin wata tsamiya ya danna maɓalli. Wincin sabo ne kuma babba, amma farantin da ke ƙarƙashinsa siriri ne, an liƙa shi da walda a kan bututun garkuwar maimakon a kai shi ga shasi. Igiya na yin tauri sai muka ji ƙara, farantin ya lotsa, noti biyu suka yage ramukansu, wincin ya karkata ya daki lagireto, ruwan zafi ya shiga tsiyaya cikin laka. Wanda zai ba mai walda wannan aiki ya tsaya a kan cewa kaurin farantin kada ya gaza milimita 6, a ɗaure shi da shasi ta ɓangarorin biyu, kuma a yi amfani da noti masu lamba 8.8 a kansu ko sama da haka. Idan motar tana da jakar iska ta kariya daga haɗari, garkuwar da ba a gwada da ita ba tana iya sauya lokacin da jakar za ta buɗe, don haka ga sababbin motoci na fi karkata ga ta kamfani. Wanda ba ya son sauya fuskar motarsa kuma yana iya sayen mazauni kaɗai, a ɓoye shi a bayan bambar asali.

Da zarar an daidaita maganar mazauni, sai a auna. Yawancin wincin irin waɗannan motoci ramukan ƙafafunsu huɗu suna kan awo ɗaya, milimita 254 a tsawo da 114 a faɗi, amma jikin injinan ba girmansu ɗaya ba. A tabbata hannu yana kaiwa ga sandar da ke sakin ganga bayan an ɗaura, kuma akwatin wutar wincin ya samu wurin zama da ba zai tare wa lagireto iska ba, abin da ba ƙaramin lamari ba ne a zafin watan Afrilu.

Game da ƙarfin ja, ƙa'idar da masu ƙera winci suka saba bayarwa ita ce a ɗauki cikakken nauyin mota da kayanta da mutanenta, a ninka shi sau ɗaya da rabi. Hilux da aka yi wa lodi tana kusan kilo 3,000, ke nan tana bukatar abin da zai ja kilo 4,500. Da laba ake rubuta ƙarfin winci, kuma mai laba 9,500 yana jan kimanin kilo 4,300, mai 12,000 kuma kimanin 5,400. Saboda haka mai 9,500 yana bakin iyaka ga Hilux mai kaya, ita kuwa Land Cruiser 79 da ake cika wa jarkoki da buhuna mai 12,000 ya fi dacewa da ita. Abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba shi ne, wannan adadi na lokacin da igiya ke kan layin farko na ganga ne, kuma duk layin da ya ƙaru a kai ƙarfin raguwa yake yi. Wanda ya warware taku goma kawai ya fara ja ba zai samu abin da aka rubuta a kwali ba.

Ta fuskar abin da ke juya ganga, na lantarki ne ya cika kasuwa, shi ne mafi sauƙin ɗaurawa, kuma yana iya ɗan aiki ko injin mota ya mutu. Illarsa ita ce cin wuta da ɗaukar zafi, domin a ja mai tsanani yana iya zuƙar amfiya 400 ko fiye, abin da ya ninka ƙarfin altaneta sau da yawa, don haka dole a riƙa ja ana hutawa. Mai aiki da matsin mai, wanda ake haɗawa da famfon sitiyari, ba ya gajiya haka, amma sai inji na tafiya yake motsi, kuma samun makanikin da ya san shi aiki ne. Ga mai mota ɗaya da ke kafewa jefi-jefi, na lantarki ya wadatar, da sharaɗin batir mai lafiya da wayoyi masu kauri da maɓallin yanke wuta kusa da batir. A samu rewaya mai natsuwa, domin wayar da ke gogar ƙarfe a ƙarƙashin bonet tana iya tayar da gobara.

Inda aka fi yin gardama shi ne igiya. Ta ƙarfe ta fi araha, tana jure gogar dutse da yashi da zafin rana, amma tana da nauyi, tana tsatsa, silinta da suka karye suna huda tafin hannu, kuma idan ta tsinke a cikin ja takan dawo kamar bulala da ƙarfin da zai iya halaka mutum. Igiyar zaren roba, irin ta Dyneema, ba ta da nauyi har tana yawo a kan ruwa, idan ta tsinke ba ta dawowa da irin wancan ƙarfi, kuma ana iya saƙa ta a daji a ci gaba da aiki. Rauninta kuwa ya shafe mu kai tsaye: rana tana cin ta, ƙwayoyin yashi suna shiga tsakanin zarenta su yanke shi daga ciki, zafin birkin da ke cikin gangar wasu winci kuma yana raunana ta. Wanda zai iya rufe ta daga rana, ya riƙa wanke ta bayan kowace laka, ita nake ba shi shawara saboda tsaron rai. Motar aiki da direbobi ke karɓa-karɓa, wadda ba mai kula da ita, gara a bar ta da ta ƙarfe tare da safar hannu ta fata. Kowacce da bakin da take bi: ta ƙarfe mai gargare huɗu masu juyawa, ta roba kuma santsin baki na alminiyam, kuma kuskure ne a zura sabuwar igiyar roba a tsohon bakin da ta ƙarfe ta riga ta kankare.

Garkuwar ƙarfe da winci idan suka haɗu suna iya kai kilo 100 a can gaban tayoyi, don haka a sa kuɗin sifirin da shokazoba masu ƙarfi a cikin kasafi tun farko, in ba haka ba gaban motar zai sunkuya ya riƙa dukan ƙasa.

A maganar suna, Warn na Amurka tsohon hannu ne tun 1948 kuma kuɗinsa ya fi yawa, ComeUp na Taiwan da Runva na Sin suna da sauƙi a kansa. Abin tambaya a shago shi ne ko ana samun akwatin wuta da na'urar sarrafawa idan suka lalace, da ko an rufe injin daga ruwa da ƙura, wanda alamarsa ita ce IP67 ko IP68. Wanda ya samu na hannu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna kada ya biya sai an haɗa shi da batir a gabansa, ya ga yana naɗewa yana warwarewa, ya sa an buɗe murfin giya ya duba ko man cikin ya gauraya da ruwa.

A ware wani abu kuma domin fuli mai ninka ƙarfin ja, da ɗamara mai faɗi ta zagaya gindin itace, da bargo mai nauyi da ake yafa wa igiya lokacin ja. Masu bin hanyar Agadas zuwa Dirku su ƙara da shebur, domin a cikin rairayin Tenere babu itacen da za a ɗaura wa igiya, sai dai a haƙa rami a binne safaya a ja daga jikinta. Ranar da aka gama ɗaurawa, a je fili mai ɗan gangare, a warware igiyar har ya rage zagaye biyar a ganga idan ta ƙarfe ce, ko goma idan ta roba ce, sannan a naɗe ta tana jan nauyin motar a hankali, domin layukan ƙasa su matse kada na sama su nutse a tsakaninsu ranar da aka kafe.