Hattara da dillalan Hayis: injin da aka faɗa maka da sanyin da ka ji ba lallai su ne ka saya ba

Masu neman bas ta haya ko ta makaranta, musamman Toyota Hiace (Hayis) ɗin da aka fi sani da Homa, ga wata damfara da ta yi yawa a wajen wasu dillalai. Za a tallata mota a Facebook ko WhatsApp a ce ’yar Kwatano ce, injinta lita 2.7, AC gaba da baya kamar firiji. Kana tambaya sai a ce wani Alhaji na hanya da kuɗinsa, ka tura kafin alƙalami a riƙe maka. Kada ka tura ko sisi kan motar da idonka bai gani ba.

Injin Homa yana ƙarƙashin kujerar gaba ne, kuma galibin masu saye ba sa sa a ɗaga ta. Da wannan ake cin su. Homa ta fetur tana zuwa da inji samfurin 1TR mai lita 2.0 ko 2TR mai lita 2.7, kuma a ido kamar tagwaye suke. Bambancin sai an cika mota da fasinja da kaya an fuskanci hawa, a nan ƙaramin yake fara nishi. Nemi farantin da kamfani ya manna a jikin motar ka karanta. In lambar da ke jikinsa TRH200 ce, ƙaramin inji ne, TRH223 babba. Idan lambar ta fara da KDH ko LH, motar dizal aka ƙera ta, don haka in ka tarar da injin fetur a ciki, an yi mata dashe. Dashe ba laifi ba ne in an faɗa kuma an rage kuɗi. Ɓoyewar ce cuta. Sa bakanikenka, ba na dillali ba, ya goge jikin injin ya karanto lambar da aka buga a ƙarfen, a gwada da ta takardun kwastan. Wurin lamba da aka goge da injin gurza ƙarfe, ko aka shafe da sabon fenti, ya isa dalilin fasa ciniki.

Ka je da sassafe ba tare da ka faɗi lokaci ba, ka taɓa injin. In da ɗumi, an riga an tayar da shi don kada ka ji ƙarar farko ko ka ga hayaƙin farko. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: fitilar inji da ta baƙin mai dole su kama, su mutu bayan mota ta tashi. Wadda ba ta kama ba ko kaɗan, mai yiwuwa cire ƙwanta aka yi. Zaro sandar awon baƙin mai ka murza a yatsa. In yana danƙo kamar zuma, an zuba mai kauri ne don a danne hayaƙi da ƙara. Shuɗin hayaƙi a salansa na nufin inji na shan mai. Farin kumfa a murfin baƙin mai, ko ruwan lagireto yana ta ɓulɓula inji na sanyi, yana iya nufin gasket ɗin kan inji, mai hana ruwa da mai haɗuwa, ya ƙone.

Wajen AC kuwa dabarar mai arha ce. Da safe a ɗura gas a na’urar da ke yoyo, ta yi sanyi kwana uku ko mako, ta mutu a hannunka. Mafi muni, akwai masu ɗura gas ɗin girki a madadin R134a, wato ainihin gas ɗin AC na mota, saboda sauƙin kuɗi. Yana sanyi, amma yana kama wuta. In lokacin hunturu ne ma, iskar gari kaɗai ta isa ta ruɗe ka, saboda haka gwajin AC da tsakar rana ake yinsa, mota a tsaye cikin rana, aƙalla minti 20.

Saurari kwamfireso, wato famfon da ke tura gas ɗin AC: ya kamata ka ji “ƙas” in ya kama. In yana kamawa yana saki duk bayan ’yan daƙiƙu, gas ya yi ƙasa. Bututu mai kauri da ke komawa kwamfireso ya yi sanyi har da raɓa. Ma’aunin zafi a bakin iska ya sauka wajen digiri 10 ko ƙasa. Duba mahaɗar bututu da jikin kondansa, wato lagireton AC. Duk inda ka ga maiƙo da ƙura ta manne, nan gas ke fita. Kana yi kana kallon allurar zafin inji, domin in ta fara hawa a tsaye, a gosulo ba za ka iya kunna AC ba.

AC na baya shi aka fi yin ƙarya a kai. Da yawa daga cikin waɗannan motoci na ɗaukar kaya ne aka yanka musu taga aka jera kujeru, ba su taɓa zuwa da AC na baya ba. Sai a ɗaura fanka a rufi tana juya iskar gaba. Leƙa ƙarƙashin mota: AC na baya na gaskiya yana da bututun alminiyam guda biyu da suka miƙe zuwa baya, kuma ruwa yana ɗiga ta can in yana aiki. In ka ga an yanke su an daddale baki, to an kashe shi ne don gudun gyara, kuma kuɗin sabbin bututu da gas daga aljihunka zai fito. A cire shi daga farashi tun kafin a yi maganar la’ada.