Gyaran Injin Sassaƙa na CNC a Sabon Gari: Abin da Na Gani a Wani Shago

Wata uku ke nan da na kai ƙaramin injina na sassaƙa na CNC, wato mai aiki da umarnin kwamfuta, wani shagon gyaran kayan lantarki da ke Sabon Garin Zariya, kuma tun da abokan sana'a suna yawan tambayata ko akwai mai iya taɓa irin waɗannan injuna a garin nan, na ga ya dace in rubuta abin da na gani. Injin nawa samfurin 3018 ne, wanda filin aikinsa milimita 300 ne a kan 180, yana aiki da manhajar GRBL 1.1, kuma da shi nake zana sunaye a kan katako domin allunan ƙofa da kyaututtukan biki. Ya zo mini ba shi da makunnan iyaka, wato ƙananan makunnan da ake ɗaurawa a ƙarshen kowace hanya domin injin ya gane gidansa, wato wurin da yake fara lissafin matsayinsa, ya kuma tsaya kafin ya daki ƙarfe. Ni na saya na ɗaura da hannuna, daga nan kuma ciwon kai ya fara.

Matsalolin biyu ne. Idan na ba shi umarnin $H don ya koma gida, sai kan injin ya hau sama, ya taɓa makunni, ya ɗan ja baya, ya tsaya cak da saƙon ALARM:8. Ta biyun ta fi ƙona rai, domin ana tsakiyar aiki, babu abin da ya kusanci makunni, sai injin ya daskare da ALARM:1. Duk wanda ya san GRBL ya san cewa bayan wannan saƙo injin ba ya ƙara amincewa da matsayinsa, dole a sake komawa gida. Haka na yi asarar allon gidan wata amarya, an zana rabin sunan, katakon madobiya mai tsada ya tashi a banza. Mai gyaran da na fara zuwa wurinsa ko kunna injin bai yi ba ya yanke hukuncin cewa allon sarrafawa ya ƙone, in sayi sabo.

A shagon da nake magana a kai, saurayin da kowa ke kira Injiniya bai taɓa sukundireba ba sai da ya haɗa injin da kwamfutarsa. Ya buga alamar tambaya, wadda ke sa GRBL ta faɗi halin da take ciki, sannan ya riƙa danna makunnan ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa yana nuna mini yadda Pn:X da Pn:Y da Pn:Z, alamun cewa an danna makunnin kowace hanya, ke bayyana a layin rahoton. Ya ce, "Malam, allonka lafiyarsa ƙalau, ga shi yana jin kowane makunni." Wannan kaɗai ya cece ni daga sayen abin da ba na buƙata.

Matsalar komawa gida ba ta ɗauke shi minti goma ba. Injin yana neman makunni da sauri, ya ja baya, ya sake matsowa a hankali don ya tabbatar da wurin, sannan ya ja baya karo na ƙarshe gwargwadon abin da aka rubuta a saitin $27, wanda asalinsa milimita 1 ne. Makunnina mai dogon harshe ne, harshen kuma ya ɗan lanƙwashe, saboda haka milimita 1 ba ta isa ta sake shi ba. Ya miƙe harshen da filaya, ya hure garin katako da ƙurar hunturu da suka cushe a ciki, ya mayar da $27 zuwa 3, magana ta ƙare.

Inda na gane ya san aikinsa shi ne wajen tsayuwar tsakiyar aiki. Ya kashe $21, saitin da ke sa injin ya tsaya idan an taɓa makunni, na ɗan lokaci don kada injin ya kulle, ya kunna motar yanka ba tare da injin ya motsa ba, muka zuba wa kwamfuta ido, sai ga Pn:Z yana leƙowa yana ɓacewa alhali babu wanda ya taɓa komai. Bayaninsa shi ne cewa motar 775 da ke kan irin wannan inji tana da gawayi a ciki, wanda ke fitar da tartsatsi yayin da take juyawa, doguwar wayar makunni kuma tana zama kamar eriyar rediyo tana kwasar wannan hayaniya ta lantarki. Ƙafar ƙarfen da ake haɗa waya da ita, wadda ke karɓar saƙon makunni a kan allon, tana tsaye ne a kan bolt 5 da taimakon wani rarraunan rezisto, wato abin rage ƙarfin wuta, na cikin guntun ATmega328P da ke zaman ƙwaƙwalwar allon, don haka ɗan girgiza kaɗan ya isa ya ruɗe ta ta ɗauka an danna makunni. Laifin kuwa nawa ne, domin ni na ɗaure wayoyin makunni da na motar wuri guda da zaren roba, wai don aiki ya yi tsaf a ido.

Maganin da ya yi mataki uku ne a haɗe. Ya raba hanyar wayoyin, ya sauya na makunni da waya mai rigar ƙarfe wadda ya haɗa rigarta da ƙasa a ɓangaren allo kaɗai, sannan ya liƙa kafasita mai nanofarad 100 da rezisto mai 4.7k a kowace ƙafa domin su tace hayaniyar. Bayan haka ya sauya ɗaurin makunnan daga buɗaɗɗe zuwa rufaffe, wato wanda layinsa ke haɗe kullum sai an danna shi ya yanke, ya jera biyun kowace hanya a layi ɗaya, ya mayar da $5, saitin da ke juya yadda allon ke fassara saƙon makunni, zuwa 1. Na so in yi gardama a nan, don ban ga dalilin taɓa abin da ke aiki ba, amma ya zare waya ɗaya a gabana, nan take injin ya tsaya. A tsohon ɗaurin, in waya ta tsinke injin ba zai sani ba sai ya daki bango. Ban ƙara cewa uffan ba.

Sai dai ba komai ne ya yi mini daɗi ba. Ya yi mini alkawarin Alhamis, ban karɓi injina ba sai Litinin ta sama, domin wayar mai rigar ƙarfe babu ita a shagon, sai da aka aiko da ita daga Kano, kuma a tsakanin nan na kira shi ya fi sau biyar bai ɗauka ba. Sau biyu na taso daga Tudun Wada na tarar babu wuta, shi kuma ba ya tada janareto saboda aiki ɗaya. Shagon ƙunci gare shi, cike da inbata da talabijin na mutane, har sai da na ji tsoron kada a ɗora wani abu a kan injina. Haka kuma bai yi niyyar rubuta mini canje-canjen da ya yi ba sai da na nema, sannan ya buga $$ ya tura mini jerin saitin duka a waya. Duk mai zuwa wurinsa ya nemi wannan jeri kafin a fara aiki da kuma bayan an gama.

Kuɗin da ya karɓa, har da na kaya, bai kai na sabon allon da aka so in saya ba, kuma bai ƙara ko sisi a kan abin da muka yi ciniki ba. Tun da na dawo da injin, kullum da safe yana komawa gida ba gardama, kuma na zana alluna da yawa, ciki har da na amaryar nan da na sake yi mata. Sau ɗaya tak ALARM:1 ya dawo, ranar da na yi aiki da ƙaramin janareton maƙwabcina wanda ba shi da wayar ƙasa. Da na gaya wa Injiniya, sai ya ce in kafa sandar ƙarfe a bayan shagona in haɗa jikin injin da ita, kuma a wannan karon ya ɗauki wayar a kira na farko.