Kafin ka fita gudu da karenka a damina: takalmi, igiya da maganin kaska

Duk wanda ya saba fita motsa jiki da sassafe da karensa a gaba, ya san hanyar rani daban, ta damina daban. Burtalin da kake bi da silifas a watan Maris, da Agusta ya kama, marka ta sauka, sai ya koma santsi da kududdufai, ciyawa ta rufe gefensa. Shawarata ita ce kuɗinka su tafi wuri biyu: ƙasan takalminka da lafiyar karen.

Sayen takalmi ya danganta da ƙasar garinku. Idan jigawa ce, wato rairayi mai shanye ruwa da wuri, kusan kowane takalmi zai yi. Idan kuwa kana kusa da fadama, irin ta bakin kogin Haɗeja ko gonakin shinkafa na wajen Kura, laka ce za ta yi maka hukunci.

Dogon takalmin ruwa na roba, wanda manoman shinkafa ke sawa, shi ne mutane ke fara tunawa. Yana kare ƙwauri daga ƙaya, yana kuma rage haɗarin sarar maciji, abin da ba a wasa da shi a damina. Amma da shi ba a gudu. Yana da nauyi, ƙafa na yawo a ciki, kuma ruwa in ya shiga ta sama ba ya fita. Kafin ka dawo gida diddigenka ya saluɓe. Na tafiya a hankali ne.

Takalmin roba gajere irin na makiyaya ya fi sauƙin kuɗi, ba ya jin ruwa, kana ɗauraye shi ya bushe. Aibinsa, ƙasansa na saurin shafewa, kuma babu laushi a ciki.

Ni dai kambas na gwanjo na zaɓa, irin wanda ake samu a Ƙofar Wambai a Kano. Kada kalarsa ta ruɗe ka, juya shi ka dubi ƙasan. Kana son haƙora masu zurfi da tazara a tsakaninsu, don taɓo ya riƙa zubewa. Mai ƙananan haƙora a matse, taku goma ya cika da laka ya zama faranti. Ka lanƙwasa shi a gaban mai kaya, in gam ya buɗe baki, ajiye masa abinsa. Mai saman raga ya fi mai fata, domin jiƙewa dai dole ce, saurin bushewa ake nema. Ka ƙara rabin lamba a kan wadda ka saba, ƙafa na kumbura in an yi nisa.

Sai igiya. A rani kana iya sakin kare, amma yanzu gero da gyaɗa na gona, awaki na ɗaure a turke. Ya tsallaka gonar wani ko ya bi akuya, sai ka tsinci kanka a gaban mai unguwa. Sarƙa tana tsatsa, tana da nauyi, tana kuma cin hannu in ya fizga. Igiyar rama na da daɗin riƙo, sai dai tana shan ruwa ta ruɓe. Ta roba mai kauri, tsawon kamar mita 2, da ƙulli biyu ko uku don kada ta sulluɓe, ita ta fi. Kada ka yi masa zarge a wuya. Ka kai wa baduku ko tela ya ɗinka maka ɗamara mai faɗi da za ta zagaya ƙirji da kafaɗu. Wasu na ɗaura igiyar a ƙugu don hannu ya huta. A kan busasshiyar hanya babu laifi, amma a kan santsi, ranar da ya hango zomo tare za ku kwanta.

Rigar ruwa ta kare da takalmansa da ake tallatawa a intanet, an yi su ne don ƙasashe masu sanyi. Karenmu mai gajeren gashi girgiza ɗaya ta ishe shi. Kai ma rigar ruwa mai kauri zufa za ta sa ka, leda guda ta waya ta wadatar.

Abin da ba a tsumulmula a kansa shi ne magani. Kaska na yawaita a ciyawar damina, tana maƙalewa a kunne da tsakanin yatsu, tana kuma ɗauke da cutar da ke shanye jinin kare. Akwai na wanka, akwai na ɗigawa a bayan wuya, akwai allura. Na ɗigawa ya fi na wanka daɗewa yana aiki, amma kada ka fita da karen cikin ruwa a kwana biyun farko. Kada kuma ka ɗebi maganin feshin shanu ka kwatanta da ido, yana iya kashe kare. Je ka asibitin dabbobi na ƙaramar hukumarku, a auna maka daidai da nauyinsa. Kana can ka nemi allurar rigakafin haukan kare, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato ke cikin masu yin ta. Ana fara ta yana ɗan wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara, kuma ka karɓi katin shaida ka adana.