PS2 ta gwanjo da jitar Guitar Hero: abin dubawa kafin a biya kuɗi a Jos

A shagunan kayan lantarki da ke kewayen Terminus har yanzu ana cin karo da PlayStation 2 ta gwanjo, wani lokaci da jitar roba a jingine a gefenta ta sha ƙura. Na'urar ta fito a 2000, Guitar Hero na farko, wasan kiɗa da ake bugawa da jitar roba, kuma a 2005, amma in an dace da masu lafiya, haɗin nan ya fi ƙananan sandunan HDMI da ake tallatawa da dubban wasanni a ciki. Waɗancan kwaikwayon na'urorin asali suke yi, kuma hannayensu marasa waya suna jinkiri. A wasan kiɗa jinkiri shi ne ajali.

Fara da juya na'urar ka karanta lambar ƙirarta, wadda ke farawa da SCPH. Lambar ƙarshe tana faɗin inda aka nufa da ita: 0 Japan, 1 Amurka, 3 Ingila, 4 sauran Turai. Babbar PS2 ta Amurka wutar 120 take sha, ta Japan 100, tamu kuwa 230 ce. Ka soka ta kai tsaye ba taransifoma mai rage wuta, sai ka ji ƙauri. Siririyar, jerin 70000, adafta gare ta a waje, saboda haka in wuta ta yi ɓarna adaftar kawai za a sauya. Faifan PAL (tsarin Turai) ba ya tashi a na'urar NTSC (tsarin Amurka da Japan) sai an yi mata kwaskwarima, kuma hoto baƙi da fari yawanci rashin jituwar na'ura da talabijin ne, ba lalacewa ba.

Idon da ke karanta faifai shi ne ya fi saurin mutuwa, ƙurar hunturun Jos kuma ba ta raga masa. A sa faifai a shagon a bar shi ya yi minti goma yana aiki. In yana ƙaras-ƙaras ko ya daɗe kafin ya buɗe, idon ya gaji. Masu gyara sukan sa wata manhaja mai suna Free McBoot a memori a riƙa loda wasa daga filash, sai dai USB ɗin PS2 tsohon ƙirar 1.1 ne, bidiyo na sarƙewa a kansa, kuma manhajar ba ta aiki a ƙarshen jerin 90000.

Jitar ce ke buƙatar natsuwa. Wadda ta fi cancanta ita ce SG mai waya, wadda ake sokawa a ramin da ake soka hannun wasa. Ba batir, ba neman sigina. Maɓallanta biyar ne: kore, ja, rawaya, shuɗi da ruwan lemo. A danna kowanne shi kaɗai, sannan biyu-biyu, domin wani maɓallin yana amsawa shi ɗaya amma ya ƙi in an haɗa. Makaɗin tsakiya dole ya yi ƙas sama, ƙas ƙasa. In yana ƙirga bugu biyu a taɓawa ɗaya, makunnin ciki ya cinye, gyaransa sai an kwance jitar an yi dalma. Sandar lanƙwasa sauti ta koma wurinta da kanta, in ta tsaya a langaɓe sifirin ɗinta ya tafi. A ɗaga wuyan jitar sama a ga ko Star Power, wato ninkin maki a cikin wasan, zai kama. Ko bai kama ba ba a yi asara ba, maɓallin Select na yin aikin. Maɓalli mai danƙo kuwa auduga da ɗan sifirit sun ishe shi.

Mara waya irin Kramer ta Guitar Hero III ba ta da laifi, amma ba ta motsi sai da ɗan abin karɓar siginarta, shi ne kuma abin da ke fara ɓata a cikin kwantena. In mai shago ya ce "Oga, ka tafi da ita, kowanne zai yi," kada ka yarda, kowace ƙira da nata. A kuma buɗe gidan batir a duba, farin gari ko tsatsa alamar batir ya fashe a ciki.

Sai talabijin, inda mafi yawan mutane ke yin kuskure su ɗora wa jita laifi. Tsohuwar nan mai ƙaton baya da aka tura ɗakin yara ita ce daidai da PS2, hoto na fitowa nan take. Ta bango sai ta sarrafa hoton wayar AV mai kan rawaya tukuna, kai kuma kana bugawa daidai da kunnenka wasan na cewa ka makara. Guitar Hero II yana da wurin daidaita jinkiri, na farko ba shi da shi. In dole sai ta bango, a kunna Game Mode, a nemi wayar component mai kawuna biyar, a guji ƙananan akwatunan juya AV zuwa HDMI masu arha.

Tabarma mai laushi ta wasan rawa na Dance Dance Revolution (DDR) kuwa ba ta kai a wahala a kanta ba. Tana zamewa a kan tayil, kuma wadda ta daɗe a naɗe wayoyin cikinta sun karye a wurin ninkin, sai kibiya ɗaya ta riƙa danna kanta.